Sawu a Lambun Ammu Girgis

An wayi gari aka tarar da inabin Ammu Girgis zube a ƙasa. Ba lambun duka ba, layin can sama kaɗai, wanda ya fi kowane layi tsufa, wanda kuma saura ƙiris a tsinke shi. An bi kurangun ɗaya bayan ɗaya an datse musu rassa, aka bar kututture tsirara, 'ya'yan kuwa curi-curi suna kwance a rana, ƙudan zuma na shawagi a kansu. Kafin hantsi ya ɗaga maƙwabta sun gama yanke hukunci: mai aikin lambun ne, ɗan Sudan ɗin nan, Mu'tasim.

Matarsa Mahasin ce ta kai labarin can unguwar Ard al-Liwa, cikin Alƙahira. Ta hau benen da kawunta Ya'ƙub yake zaune tana haki, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta durƙusa a gabansa.

"Kawu, za su miƙa shi ga 'yan sanda. Iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, ta ƙare, ba a sabunta ba. In ya shiga hannunsu, sai dai mu ji an tsallakar da shi iyaka."

"Shi me ya ce?"

"Abin da ya kashe mini jiki ke nan. Bai ce ya yi ba, bai kuma ce bai yi ba."

Ya'ƙub ya ajiye kofin shayinsa. Mutumin Maiurno ne a ƙasar Sinnar, jikan Hausawan da suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a bakin kogi. Bin sawu ya gada wajen mahaifinsa. A zamaninsa in an kore wa wani shanu shi ake aika wa, ya bi ƙasa da ido har ƙofar wanda ya kora. Yaƙi ne ya taso shi da tsufansa ya ajiye shi a Alƙahira, garin da aka shafe da kwalta da siminti, inda mutum zai wuce ta gabanka bai bar komai ba sai ƙarar takalmi. Tun zuwansa ba wanda ya nemi idonsa.

"Wurin ƙasa ne ko siminti?" ya tambaye ta.

"Dutse ne, Kawu, da ƙasa."

Ya miƙe ya ɗauki rawaninsa.

Lambun yana manne da dutsen Muƙattam ta ɓangaren da ke kallon unguwar Ma'adi, a wani gangare da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Girgis Kirista ne, Bamisre, ana ce masa Ammu, wato kawu, don girmamawa. Tun yana da ƙarfinsa ya sassaƙa dutsen hawa-hawa, ya yi ta kwaso ƙasar bakin Nilu a bayan jaki yana cikawa. Irin inabin marigayiya matarsa ce ta zo da shi daga duwatsun Lubnan, fari mai ƙananan 'ya'ya, mai son tudu da iska. Kowace shekara yakan matse shi a wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin gidan, ya yi farar giya 'yar kaɗan, wadda wasu gidaje a Ma'adi suke jira tun kafin ta nuna.

A bakin ƙofa mutanen unguwa sun taru. Da suka ga tsoho da farar jallabiya da rawanin Sudan sai ƙus-ƙus ya tashi.

"Ga wani kuma sun kawo."

"Ai da ma an ce Mu'tasim ɗin ya juya wa aikin baya, wai haramun ne."

Ya'ƙub ya ratsa su kamar bai ji ba. A tsakar gida ya sami Rania, 'yar Girgis, likitar haƙori ce da ke zaune a Ma'adi da iyalinta. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Da Larabci suka yi magana.

"Ya Hajj, ban san me za ka gani da ban gani ba. Almakashin datse rassa yana ɗakin Mu'tasim, ruwan itace bai bushe a jiki ba. Makon jiya ya gaya mini zai bar aiki kafin a fara matsa, wai wani malami ya ce masa bai halatta ba. Wallahi ban ji haushi ba, addininsa ne. Amma wannan? Layin mahaifiyata ne. Da hannunta ta dasa shi."

"Wa ya hau can tun da safe?"

"Ni kaɗai. Ta matakala na hau, ta nan na sauko."

"Babanki fa?"

"Baba ya daina hawa tun sanyin bara. Likita ya hana shi saboda zuciyarsa."

"To, ki ba ni zuwa gobe kafin ki kira kowa. Kada kuma a bar ko kyanwa ta hau."

Ta dube shi, ta dubi Mahasin da ke tsaye a raɓe da bango, sannan ta ce, "Zuwa gobe. Khalas, shi ke nan."

A baranda tsohon yake zaune, siririn mutum mai manyan hannaye, ya naɗe wuyansa da mayafin ulu duk da zafin da ake yi. Sandarsa tana hannun dama, mai roba a gindi. Ya amsa gaisuwa da fara'a, ya nuna wa baƙon dutsen da kai.

"Ka ga inda na sa su? Inabin nan ba ya son daɗi, ya Hajj. In ka dasa shi a kwari sai ya yi ƙiba ya zama ruwa. A nan dole saiwarsa ta ratsa dutse ta nemi abin sha, shi ya sa in ka kurɓa za ka ji kamar ɗanɗanon dutsen ne." Sai fuskarsa ta canza. "Sun ce yaron nan ne ya yi mini ɓarna. Ba zai yi ba. Ku ƙyale shi."

"Wa kake zato, Ammu?"

Girgis ya daɗe yana kallon layin sama. "Ban sani ba," ya ce a hankali.

Hanya biyu ke kai mutum sama. Akwai matakalar dutse da ta miƙe ta tsakiyar lambun, akwai kuma tsohuwar hanyar jaki mai laushin ƙasa da ta zagaya ta jikin katanga. Ya'ƙub ya bi matakala, rana tana tsakiyar ka, farin dutsen yana kashe ido. An share matakalar. Layin sama ma an share shi tas, zanen tsintsiya yana kwance a ƙasa. A kan sharar akwai ƙaramin takalmin Rania, sai kuma takalmin roba mai faɗi na mutumin da ya yi sharar yana ja da baya.

Ya durƙusa gaban kututture na farko. Bai san aikin inabi ba, amma ya san aikin fushi, ya ga gonakin da aka sare don ƙeta. Mai fushi sara yake ta ko'ina, ya fasa, ya yage ɓawo. Nan kuwa kowane yanka a karkace yake, sumul, an kuma bar wa kowane reshe 'yan idanu a gindi. Daga na farko har na ƙarshe hannun bai yi gaggawa ba.

A hanyar jaki ya sami abin da ya tsayar da shi. Takalmin roban nan ne dai, yana gangarowa, amma sawun ya nutse sosai, takun gajeru ne, dunduniya tana kafewa a ƙasa. A wata kwana mai takalmin ya tsaya ya ware ƙafafu kamar mai gyara kaya a baya. Mutumin ya sauko da abu mai nauyi. Ya'ƙub ya waiwaya ya dubi inabin da ke zube. Babu alamar an kwashi ko curi ɗaya.

Mu'tasim yana zaune bakin gado a ɗan ɗakin kayan aiki, dogo, baƙi, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Takalmin robansa yana bakin ƙofa. Da ganin kawun matarsa ya zame ƙasa ya gaishe shi da Hausa.

"Kai ka yi sharar?" Ya'ƙub ya tambaya.

"Ni ne, Baba."

"Kai ka yanke?"

Mu'tasim ya sunkuyar da kai.

"Me ka goyo ka sauko da shi ta hanyar jaki?"

Mu'tasim ya ɗago kai da sauri, sannan ya mayar. "Baba, don Allah ka koma gida. Abin da Allah ya rubuta mini shi zai same ni."

"Cikin abin da ya rubuta maka har da matar da ke tsaye a rana tun safe, da 'ya'yan da ta bar wa maƙwabta. Ka san inda za a mayar da kai. Ka san abin da ka baro a can."

Hawaye ya taru a idon Mu'tasim, amma bakinsa bai buɗe ba. Ya'ƙub ya fito yana tunani. Ya sha ganin shirun mai laifi, mai laifi idonsa yawo yake yana neman ƙofa. Wannan shirun na mai tsaron ƙofa ne.

Can bayan shingen sama ya tarar da guntayen sigari da sawun takalmin fata, na mutum mai jiki da ke jan ƙafar hagu. Sawun ya kai shi wani sabon bene da ake ginawa a kan tudun. Mai ginin, Husam, ɗan kwangila ne da gidansa yake nan kusa, ya kuma daɗe yana son filin Girgis, kowa a unguwar ya sani. Bai ɓoye ba.

"Na yi tayi, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ma'alish, ba komai. Ni mai jira ne, ya Hajj, tsohon ba zai dawwama ba, 'yarsa kuma ba manomiya ba ce. Me zai kai ni sare itace?" Ya buga gwiwarsa ta hagu. "Ka ga wannan? In na tsallaka shingen nan sai dai a kwaso ni a ƙasa. Sigari kawai ke kai ni can, matata ta hana ni sha a gida."

Ƙasa ta riga ta gaya wa Ya'ƙub haka, takalmin fatar bai taɓa ƙetare shingen ba.

"Yau da safe ka ga wani abu?"

"Sai da rana ta fito na je, na ga ɓarnar. Amma da asuba ina kwance na ji waƙa daga wajen. Irin ta coci, muryar namiji, a dishe. Na ɗauka rediyon wani ne."

Bayan la'asar Ya'ƙub ya sauka daga mikrobas, ƙaramar motar haya, a Arba wa Nus, unguwar su Mu'tasim. A wani ɗan masallaci da ke ƙasan bene ya sami malamin da ake magana. Ba wani babban malami ba ne, ɗalibi ne Bazazzagi mai suna Ukasha, yana karatun fiƙihu, yana kuma koyar da yaran unguwa. Da ya ji abin da ya faru sai ya dafe kai.

"Inna lillahi. Baba, ni na ce masa ya nemi wani aiki, gaskiya ne. Ya tambaye ni hukuncin mai renon inabin da ya san giya za a yi da shi, na gaya masa abin da na karanta, ban rage ba. Amma na ce masa ya fita da mutunci, ya ba su lokaci su sami wani. Mutum ya amince maka ya ba ka makullinsa, ka lalata masa dukiya? Wannan ha'inci ne, ko mai dukiyar wane addini yake bi. Mu'tasim ya san haka."

"Bai yi maka wata magana ba bayan wannan?"

Ukasha ya gyara zama. "Akwai tambayar da ya yi mini tun kafin azumi, ban gane inda ta dosa ba. Ya ce, in mutum ya sa ka rantse za ka rufa masa asiri a kan wata lalura tasa, daga baya rufin ya zame maka cuta, ya halatta ka warware? Na ce ya halatta, ya yi kaffara. Sai ya ce, in kuma warwarewar za ta raba mutumin da abin da ya fi so a duniya fa? Na ce masa wannan kam littafi ya ba ka izini, saura zuciyarka."

Ya'ƙub ya roƙe shi ya zo lambun washegari. A hanyar komawa gida yana zaune a matse tsakanin fasinjoji, amma hankalinsa yana can hanyar jaki, wajen kayan nan mai nauyi da ba inabi ba.

Washegari ya isa lambun rana tana ɗan leƙowa. Ya san irin wannan hasken, mai zuwa a kwance, shi ke fito da abin da hasken tsakar rana ke ɓoyewa. Bai dubi matakalar ba wannan karon, gefenta ya duba. Siririyar robar ban ruwa tana bin matakalar ta kowane gefe, ta jiƙa ƙasa jiya da asuba, ƙasar ta yi laka sannan ta bushe. A gefen dama na mai hawa, cikin busasshiyar lakar, akwai ƙananan ramuka zagayayyu, kowane hawa da nasa. Tsintsiya ta wuce ta kansu ba ta iya share su ba. Ya sa yatsa a ɗaya, ya ji zanen roba a ƙasansa.

Ya bi su har sama. Sannan ya juyo yana duba ɗaya gefen, inda sandar mai riƙe ta a dama za ta taɓa in yana saukowa. Lakar tana nan sumul, ba abin da ya taɓa ta.

Ya zauna a kan hawa na ƙarshe. Ƙasa da shi Ma'adi tana farkawa cikin itatuwanta. Da can in ya kai ƙarshen sawu daɗi yake ji, don akwai mai shanu da zai yi murna da ɓarawon da zai sunkuyar da kai. Yau ya kai ƙarshen sawu ya tarar ba ɓarawo, kuma duk ta inda ya faɗi maganar sai ta taka wani. Ya yi tunanin ya kira Rania gefe ya gaya mata a asirce. Sai ya ga in ya yi haka ya zama shi ma ya shiga layin masu yanke wa tsohon hukunci a bayan idonsa, a kan dutsen da ya sassaƙa da hannunsa.

Da hantsi suka taru a baranda. Girgis yana kujerarsa, Rania a tsaye bayansa. Mu'tasim da Mahasin suna bakin matakala, Ukasha kusa da su. Husam ya jawo kujera ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

Ya'ƙub ya fara da shi. "Ustaz Husam yana son filin nan, amma ƙafarsa ba ta shigo ba. Malam Ukasha ya yi fatawa, amma yau ne farkon zuwansa. Ku biyun ba ruwanku. Na gode da kuka zo. Abin da ya rage na mutanen gida ne."

Husam ya so ya tsaya, Ukasha ya kama hannunsa da ladabi suka fita tare. Ya'ƙub ya jira har ƙofa ta rufe.

"Madam Rania, Mu'tasim ya yi shara, ya ɗauke almakashi ya kai ɗakinsa, ya kuma yi miki shiru. Waɗannan duk nasa ne. Amma ba shi ya fara hawa jiya ba. Wani ya riga shi, da asuba, ƙasa tana jiƙe. Mutumin yana dogara sanda a hannun dama, yana hutawa a kowane hawa. Ya yi aikinsa a natse, yana waƙa. Sandar ta hau, amma ba ta taka ƙasa ba a saukowa, domin mai ita ba da ƙafarsa ya sauko ba. Goyo shi aka yi ta hanyar jaki."

Rania ta matso kusa da kujerar. Hannunta ya sauka a kafaɗar mahaifinta.

Girgis ya dubi sandarsa. Ya juya gindinta sama, ya kankare busasshiyar lakar da ke maƙale a robar da farcensa, ya daɗe yana kallonta a tafin hannu.

"Ya Mu'tasim."

"Na'am, Ammu."

"Ni ne?"

Mu'tasim ya dubi Ya'ƙub, ya dubi matarsa. Ya taso ya durƙusa gaban kujerar.

"Ka rantsar da ni, Ammu."

"Na warware maka. Ni ne?"

"Kai ne." Muryarsa ta karye. "Na iso na same ka zaune gindin kurangar ƙarshe, numfashinka yana sama-sama. Ka ce mini sanyi ya shigo, lokacin datse rassa ya yi, ka gama layin matarka kafin ta tashi daga barci. Ka ce in duba ko ka yi daidai."

"Watan Tuba," in ji tsohon, yana nufin watan tsananin sanyi a lissafin Ƙibɗawa, Kiristocin Masar, lokacin da ake datse inabi. Ya taɓa mayafin da ke wuyansa, ya dubi rana mai ƙuna a kan dutsen. "Yanzu kuwa rani ne."

"Rani ne, Baba," Rania ta ce.

"Tun yaushe?" ta juya ga Mu'tasim. Ba faɗa a muryarta.

"Tun bara. Da farko sunayen abubuwa ne suke ɓace masa. Wata rana ya tsaya a ɗakin matsa bai san me ya kai shi ba. Da ya dawo hayyacinsa ya kama hannuna ya ce in rantse ba zan gaya miki ba, don in kin sani za ki ɗauke shi ki kai shi bene a Ma'adi, ya mutu yana kallon bango."

Rania ta zagayo ta zauna a ƙasa gaban mahaifinta, kamar yarinya. "Na ga alamu," ta ce. "Na ga mayafin nan. Ranar Ista ka tambaye ni ina Mama. Na gaya wa kaina gajiya ce, don na fi son ta zama gajiya." Ta juya ga Mu'tasim. "Kai kuma da ka bari na kira 'yan sanda? Da na aika da kai cikin yaƙi da hannuna, in zauna da wannan har mutuwata? Ba ka yi mini adalci ba."

"Ban yi ba, Madam. Ki yafe mini. Na rasa ta inda zan bi."

Ya'ƙub ya yi magana da Hausa, a hankali, don shi da matarsa kaɗai. "Amanar da ka riƙe ta yi kyau. Amma ba kai kaɗai za ka biya ta ba, kuma ba ka tambayi waɗanda za su taya ka biya ba." Mu'tasim ya juya ya dubi Mahasin. Ta kawar da kai tana share ido da gefen mayafi, ba ta ce ta yafe ba tukuna.

"Za su mutu?" Rania ta tambaya, tana nufin kurangun.

Tsohon ne ya amsa, muryarsa ta dawo ta mai lambu. "In a karkace na yanka na bar idanu, ba za su mutu ba. Bana dai an yi asara. A rufe musu kai da buhu saboda rana, a ƙara musu ruwa da yamma."

"A karkace ka yanka, Ammu," in ji Mu'tasim. "Ko ɗaya ba ka kuskure ba."

Rania ta miƙe ta wanke fuska, ta nufi ƙofa, inda mutanen unguwa suka sake taruwa. Ya'ƙub yana jin muryarta daga baranda. Ta ce musu ba wanda ya shigo lambun, ba kuma wanda ya ci amana. Mahaifinta ba shi da lafiya, Mu'tasim ne ya sauko da shi daga kan dutse a bayansa, duk wanda ya zage shi jiya ya san inda ɗakinsa yake in yana da abin faɗa. Jim kaɗan aka ji takun mutane suna watsewa.

Ba a kai Girgis Ma'adi ba. Rania ce ta ce za ta kwaso kayanta ta dawo gidan har a gama tsinka, daga nan a ga abin da likita zai ce. Mu'tasim ya tsaya kan maganarsa, ba zai ƙara taɓa inabin ba, aka ɗauko wani daga ƙauye. Amma ya ce kula da tsoho ba renon inabi ba ne, in ana so zai riƙa zuwa ya zauna da shi da rana. Rania ta ce ana so.

Ya'ƙub ya yi sallama zai tafi, tsohon ya riƙe masa hannun riga.

"Ya Hajj, an ce kai duk inda mutum ya bi kana gane shi."

"In akwai ƙasa, Ammu."

"Mantuwar nan ƙaruwa za ta yi, na sani. Wata rana zan buɗe ƙofar can in fita, in manta hanyar dawowa. Bayan dutsen nan hamada ce." Ya yi ƙasa da murya don kada 'yarsa ta ji. "In sun aika maka, za ka zo?"

Ya'ƙub ya waiwaya. Ya dubi tsakar gidan, ya ga inda aka zube yashi a gindin katanga. Ya je ya baje shi da tafin hannu har ya yi sumul, ya dawo ya miƙa wa tsohon hannu ya tashe shi.

"Taka nan, Ammu. Da takalmi tukuna, sannan ka cire. Yi tafiyarka yadda ka saba, kada ka gyara."

Girgis ya dogara sandarsa ya ratsa yashin a hankali, ya juyo. Ya'ƙub ya tattare jallabiyarsa ya durƙusa, ya kai fuskarsa kusa da ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce, yana miƙewa da ƙyar. "Yanzu na san ka."